Hawan dutse a damina: Abin da ruwa ke yi wa dutse da mai hawansa a tsaunukan Kurudu

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Nyanya, ta ratsa Karu da Jikwoyi, ta nufi Orozo da Karshi a cikin watan Agusta, zai ga yadda tsaunukan da ke kewaye da Kurudu suka sauya kama. Duwatsun da suka yi furu-furu da ƙura a lokacin hunturu sun wanku tas, ciyawa ta rufe gindinsu, itatuwa sun yi ganye shar, gajimare kuma yakan sauko da sassafe ya lulluɓe kawunansu. A wannan lokaci ne tsaunukan Babban Birnin Tarayya suka fi kyan gani, kuma a lokacin ne suka fi jan hankalin matasa da ma'aikatan da ke fita motsa jiki a ranakun Asabar da Lahadi.

Sai dai lokacin da dutse ya fi kyau ga ido, shi ne lokacin da ya fi ha'intar hannu da ƙafa. Dutsen da mutum ya hau cikin sauƙi a watan Janairu, idan ya koma masa a watan Agusta bayan an kwana ana yayyafi, tamkar wani dutse ne daban ya tarar, ko da yake siffarsa ba ta sauya ba. Wannan bayani zai duba abin da ya sa haka, da abin da ƙasashen da suka daɗe da wasan hawan dutse suka koya game da shi, da kuma matakan da ya kamata mai sha'awar wasan ya ɗauka kafin ya ɗora tafinsa a kan dutse mai danshi.

Wane irin wasa ne wannan?

Hawan dutse iri-iri ne. Akwai masu bin hanyar ƙafa su kai ƙololuwar tsauni, wanda shi ne aka fi yi a Abuja. Akwai masu ɗaura igiya su hau bangon dutse mai tsawon gaske. Akwai kuma nau'i na uku, wanda Turawa ke kira boldarin, wato hawan dunƙulen dutse guda mai zaman kansa, wanda tsawonsa bai cika wuce mita 5 ko 6 ba, ba tare da igiya ba. Kayan aikinsa kaɗan ne: takalmi mai tafin roba wanda ke kama ƙafa tsam, farin alli na busar da zufar hannu, ɗan buroshi na share dutse, da katifa mai kauri da ake shimfiɗawa a ƙasa domin tarbar mai faɗowa. Sai kuma abokin tafiya da ke tsayawa a baya, hannuwansa a sama, ba don ya cafe mai faɗowa ba, sai don ya karkatar da shi zuwa kan katifa, ya kuma kare kansa daga bugun dutse.

Masu wannan wasa suna kiran kowace hanyar hawa da sunan matsala, domin kamar lissafi take: sai an zauna an yi nazarin inda za a sa yatsa, da inda za a taka, da yadda za a karkata jiki. Faɗuwa kuwa ɓangare ce ta wasan. Mai hawa da igiya yana iya yini bai taɓa ƙasa da ƙarfi ba, amma mai hawan dunƙulen dutse duk faɗuwarsa a ƙasa take ƙarewa. Komai nisan jifa, in ji Hausawa, ƙasa zai faɗo. Shi ya sa yanayin ƙasar da ke gindin dutsen yake da muhimmanci daidai da yanayin dutsen kansa.

Cibiyar wannan wasa a duniya ita ce dajin Fontainebleau, mai nisan kimanin kilomita 60 kudu maso gabashin birnin Paris na ƙasar Faransa. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 masu hawan manyan tsaunukan Turai suke zuwa can domin gwaji a kan dubban dunƙulallun duwatsun da ke warwatse a cikin dajin. Ɗaya daga cikinsu, Pierre Allain, shi ne ya yi suna wajen ƙirƙiro takalmin hawa mai tafin roba. A Amurka kuma, wani malamin lissafi mai suna John Gill ne ya shigo da amfani da alli a shekarun 1950, ya aro shi daga wasan tsalle-tsalle da lanƙwasa jiki, ya kuma nuna cewa hawan ƙaramin dutse wasa ne mai cin gashin kansa.

A yau wasan ya kai matakin gasar Olamfik. An fara shigar da shi a gasar Tokyo ta 2020, wadda aka gudanar a 2021 saboda annobar korona, aka sake yin sa a Paris a 2024. 'Yar ƙasar Sulobeniya, Janja Garnbret, ta lashe lambar zinare a duka biyun. Ana yin irin wannan gasa a kan bangon da aka ƙera, wanda bai wuce mita 4 da rabi ba, da katifu a ƙarƙashinsa. A daji kuwa babu wanda ya daidaita wa mutum ƙasa, babu kuma rufin da zai tare ruwan sama.

Bahaushe ba baƙon dutse ba ne

Ko da yake sunan wasan baƙo ne, hawan dutse ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tarihin Kano ya faro ne daga gindin Dala, na Zazzau yana haɗe da Kufena da Turunku, Kwatarkwashi kuma a jihar Zamfara da dutsenta aka san ta. Gbagyi, waɗanda ke cikin 'yan asalin yankin Abuja, sun daɗe suna zaune a kan tuddai da gindin duwatsu, inda suka samu mafaka a zamanin yaƙe-yaƙe. Dutsen Zuma da ke kusa da Suleja yana jikin takardar Naira 100, fadar shugaban ƙasa kuma da dutsen Aso ake kiranta. A tsaunukan Shere da ke kusa da Jos akwai makarantar Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci, wadda aka fi sani da Man O' War, inda hawan dutse yake cikin horon da ake bai wa matasa.

Abin da ya sauya shi ne masu hawan. Makiyayi ko manomin da ya tashi a gindin dutse ya san wane falale ne ke santsi bayan ruwa, ya san ramin da maciji ke kwana. Ma'aikacin da ya taso daga rukunin gidaje a Kurudu ko Jikwoyi da takalmin gudu da wayar ɗaukar hoto bai gaji wannan sani ba. Tun da aka mayar da mazaunin gwamnatin tarayya Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, unguwannin bayan gari suke ta faɗaɗa, har gidaje suka kai gindin tsaunuka. Dutsen da a da sai an yi tafiya kafin a kai gare shi, yanzu yana bayan katangar gida, yara ma suna iya zuwa ba tare da sanin iyayensu ba.

Yadda duwatsun suka samu

Yawancin duwatsun Abuja na cikin tsofaffin duwatsun da suka zama harsashin ƙasar Najeriya, waɗanda masana ilimin duwatsu ke ƙiyasta shekarunsu da sama da miliyan 500. Akasarinsu giranit ne da danginsa, wato irin dutsen nan mai ƙarfi da ake fasawa a yi tsakuwar gini. Dunƙulallun duwatsun da ake gani a jibge a kan juna kamar wani ne ya jera su, ruwa ne ya sassaƙa su. Ruwan sama yakan bi tsagogin dutse tun yana binne a ƙasa, ya ci kusurwoyinsa sannu a hankali, ya mayar da wani sashe nasa yumɓu da tsakuwa. Bayan dubban shekaru zaizayar ƙasa ta kwashe abin da ya ruɓe, ta bar ƙwayar dutsen a fili, a mulmule.

Wannan aiki bai tsaya ba. Manyan duwatsu masu kama da ƙoƙon da aka kife suna ɓarewa falle-falle kamar bawon albasa. Zafin rana yana buɗa fatar dutse, sanyin dare yana tsuke ta, ruwa yana shiga ƙarƙashinta, saiwar itace tana bin bayan ruwan tana ƙara buɗa tsagar. Fallen da mai hawa ya ga ya yi daidai da yatsunsa, mai yiwuwa da ƙyar yake manne. Damina ce ke kammala abin da rani ya fara, domin a lokacin ne ruwa ke cika tsagogi, ƙasar da ke riƙe da ƙananan duwatsu kuma take laushi.

Abin da danshi ke yi

Abin da ke riƙe mai hawa a jikin dutse shi ne gogayya tsakanin fatar hannu ko robar takalmi da kaushin dutsen. Idan ruwa ya shiga tsakani, sai ya cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, waɗanda su ne ke kama fata. Ba sai an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ba. Raɓar asuba ta isa, haka ma danshin iska, wanda a Abuja yakan haura kashi 80 cikin 100 a tsakiyar damina. A irin wannan yanayi zufa ba ta bushewa a tafin hannu, fatar yatsu tana laushi tana saurin yagewa, allin da ake shafawa kuma yakan jiƙe ya zama kamar kunu, ya ƙara santsi a maimakon ya rage shi.

A cikin daji matsalar ta ninka. Inuwar itatuwa tana hana rana da iska isa ga dutse, ganyaye kuma suna ci gaba da ɗigar da ruwa bayan an ɗauke. Dutsen da ke fili yana iya bushewa cikin 'yan sa'o'i idan rana ta fito, amma na ƙarƙashin kurmi yana iya kwana biyu ko fiye da danshinsa, musamman a lokacin marka, sa'ad da ake jera kwanaki rana ba ta fito sosai ba. Inda danshi ya daɗe, gansakuka takan fito. Baƙin zanen da ake gani ya gangaro a jikin manyan duwatsu hanyar ruwa ce, kuma wasu ƙananan halittu ne ke rayuwa a kanta. A rani wurin yana da kaushi kamar sauran dutsen. Da zarar ya jiƙe sai ya zama kamar an shafa masa sabulu.

Akwai kuma ruwan da ke tsattsafowa daga cikin dutse. Ƙasa da ciyawar da ke saman tsauni suna riƙe ruwa kamar soso, su riƙa sakin sa ta tsagogi kwanaki bayan ruwan ƙarshe. Saboda haka ana iya ganin fuskar dutse a bushe, amma ramin da za a zura yatsu a ciki, ko kuma saman da za a dafa a haye, yana jiƙe sharkaf. Wannan shi ne mafi muni, domin mutum ba ya gano shi sai ya kai wurin da ya fi nisa da ƙasa.

Hawa ya fi sauka sauƙi. Mai hawa yana ganin abin da ke gabansa, mai sauka kuwa ƙafarsa ce ke lalube. Falalen da aka haye da rarrafe yana bushe, idan yayyafi ya sauka alhali mutum yana sama, hanyar komawarsa ta rufe ke nan. Ƙwararru sukan fara duba ta inda za su sauko kafin su duba ta inda za su hau.

Darasin dajin Faransa

Duwatsun Fontainebleau ba irin na Abuja ba ne. Dutsen yashi ne, wato rairayi ne da ya manne ya daskare, kuma yana da ƙofofi da yawa da ke shan ruwa. Idan ya jiƙe ƙarfinsa yana raguwa ƙwarai, ta yadda ɗan tudun da dubban mutane suka riƙa kamawa shekara da shekaru yana iya ɓallewa a hannun mutum guda. Abin da ya ɓalle kuwa ba ya komawa. Shi ya sa masu hawa a can, da na yankin Red Rock a jihar Nevada ta Amurka, da na Rocklands a tsaunukan Cederberg na Afirka ta Kudu, suka ɗauki hawan jiƙaƙƙen dutsen yashi a matsayin abin kunya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a jira aƙalla kwana ɗaya zuwa biyu bayan ruwa, kuma idan ƙasar gindin dutsen tana da danshi, a ɗauka cikinsa ma bai bushe ba.

Giranit bai cika shan ruwa haka ba, don haka ba ya rasa ƙarfinsa da sauri. Wannan ne ke ruɗin wasu su ɗauka ƙa'idar jira ba ta shafi duwatsun Abuja ba. Ta shafe su, sai dai dalilin ne ya bambanta. A Faransa ana jira ne domin a kare dutse daga mutum. A Kurudu da Mpape da Ushafa ana jira ne domin a kare mutum daga dutse. Ruwan da giranit bai sha ba yana kwance a fuskarsa, a daidai inda tafin ƙafa zai sauka.

Wani darasin kuma shi ne na haƙuri. A shekarar 2016 wani ɗan ƙasar Finlan mai suna Nalle Hukkataival ya kammala hawan wani dunƙulen giranit mai tsawon kimanin mita 4 a wani daji na ƙasarsu, wanda ya zama na farko da aka bai wa maki 9A, matakin da a wancan lokaci ya fi kowanne wuya a ma'aunin Fontainebleau. Ya shafe fiye da shekara uku yana komawa ga wannan dutse guda, yana jiran ranakun sanyi da bushewar iska. Idan gwani irin wannan yana jiran yanayi, sabon shiga ya fi shi buƙatar jira.

Ƙasa, tsawa da macizai

Ruwan da ke sauka a Abuja yakan haura milimita 1,200 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, mafi yawansa a Agusta da Satumba. Wannan ruwa yana sauya gindin dutse. Doguwar ciyawa tana ɓoye ramuka da kututture da tsinin duwatsu. Katifar da aka shimfiɗa a kan taɓo ko gangare tana iya zamewa a daidai lokacin da aka faɗo mata. Laka a tafin takalmi kuma tana kashe kamun roba gaba ɗaya, shi ya sa masu hawa ke ɗaukar ɗan tsumma ko tabarma su goge ƙafa kafin su taka dutse. Ƙoramar da aka tsallake da ƙafa da safe tana iya cika ta tumbatsa da rana, ko da ruwan a can bisa tsauni aka yi shi.

Tsawa ita ce hatsarin da ba ya ba da dama ta biyu. Hadarin farkon damina da na ƙarshenta yakan taso cikin gaggawa da iska mai ƙarfi, kuma aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a wuri. Mutumin da ke tsaye a kan dutse shi ne wannan abu. Akwai hanya mai sauƙi ta auna nisan hadari: ƙara tana tafiyar kusan kilomita 1 a cikin daƙiƙa 3. Idan aka ga walƙiya aka ƙirga, aka ji rugugi kafin a kai daƙiƙa 30, to hadarin yana cikin tazarar kilomita 10, kuma lokacin sauka ya yi. Shawarar masana yanayi ita ce kada a koma fili sai an yi minti 30 da jin rugugin ƙarshe.

Kuskuren da aka fi yi shi ne fakewa a ƙarƙashin leɓen dutse, ko bakin ƙaramin kogo, ko gindin itace guda da ke tsaye shi kaɗai. Waɗannan suna tare ruwa amma ba sa tare aradu, domin wutar tana bin jikin jiƙaƙƙen dutse, tana iya tsallakawa ta jikin wanda ke tsaye a bakin kogon. Mafaka ta gaskiya ita ce gini mai rufi ko mota mai rufin ƙarfe a rufe. Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen kwanaki uku a kai a kai, duba shi kafin fita kuwa bai fi aikin minti biyu ba.

Damina kuma lokacin fitowar macizai ce. Ruwa yana cika ramukansu, su nemi busasshen wuri a tsagogin duwatsu da ƙarƙashinsu, wato daidai wuraren da mai hawa ke zura hannu. Kububuwa da kasa da kumurci duk ana samun su a dazukan tsakiyar Najeriya, kububuwa kuma ita ce ta fi yin ɓarna a ƙasar nan. Girman matsalar ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su a shekarar 2017, kuma akwai asibiti na musamman dominsa a Kaltungo ta jihar Gombe. Ban da macizai akwai kunama, da zuma da rina waɗanda ke yin sheƙa a leɓen duwatsu. Ƙa'ida ita ce kada hannu ya shiga inda ido bai gani ba.

Tsofaffin wuraren fasa dutse, irin wanda ya yi suna a Mpape, suna da nasu hatsarin. Nakiya ta riga ta farfasa bangonsu, don haka abin da aka kama yana iya biyo hannu, ramukansu kuma cike suke da ruwa mai zurfi. Wuraren kallo ne, ba na hawa ba.

Yadda ake gane dutse ya bushe

Masu hawa suna da gwaje-gwaje masu sauƙi. Na farko, a dubi ƙasa: idan an tona da ɗan yatsa a gindin dutsen aka ga danshi, ko laka ta manne a takalmi, a dakata. Na biyu, a dubi launi: wurin da ya fi sauran duhu ko yake ƙyalli, jiƙe yake. Na uku, a shafa tafin hannu a ramuka da tsagogi, ba a fuskar da rana ke duka kawai ba. Na huɗu, a ƙwanƙwasa duk fallen da ake shirin kamawa da gaɓar yatsa. Idan ya yi amo kamar ganga, akwai rami a bayansa, a rabu da shi. Na biyar, a zagaya ta baya a duba saman dutsen da hanyar sauka kafin a fara.

Wanda ya isa wurin ya tarar da danshi ba lallai ne ya koma gida hannu rabbana ba. Yana iya amfani da ranar wajen nazarin hanyoyi, da gano inda ruwa ke bi, da koyon yadda ake shimfiɗa katifa da tsayawa a bayan mai hawa. Yana iya yin tafiyar ƙafa a kan hanyoyin da ba su da gangare. Abin da bai kamata ba shi ne a ce tun da an sha wahalar zuwa, dole sai an hau. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan tsautsayi ya auku

Raunin da ya fi yawa a wannan wasa shi ne targaɗe ko karayar idon sawu da wuyan hannu. Mafi hatsari kuwa shi ne bugun kai da na ƙashin baya. Idan wanda ya faɗo ya suma, ko yana amai, ko ya rikice, ko yana kukan ciwon wuya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ɗaga shi a kafaɗa, kada kuma a ɗora shi a kan babur. A riƙe kansa da wuyansa a miƙe yadda suke, a kira lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Idan ya zama dole a ɗauke shi, a yi amfani da abu mai faɗi da ƙarfi, mutane da yawa su ɗaga shi a tare. Akwai manyan asibitocin gwamnati a Karshi da Nyanya da Asokoro, akwai kuma cibiyar kula da munanan raunuka a Asibitin Ƙasa da ke tsakiyar birni. Wanda ake zaton ya karye, a fara ɗaukar hoton ƙashin kafin a yi maganar ɗori.

Game da saran maciji, shawarar likitoci ta saɓa wa abin da aka saba yi. Kada a ɗaure wurin tamau da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi ya taso, a ɗaure gaɓar da sanda yadda ba za ta motsa ba, a hana mutumin gudu ko tafiya mai nisa, a garzaya da shi asibitin da ke da allurar kashe dafi. Ɓata lokaci wajen neman macijin don a kashe shi yana iya jawo sara na biyu.

Dutse yana da masu shi

Tsaunukan da ke kewaye da Kurudu da Orozo da Karshi ba kango ba ne. Akwai gonaki a gindinsu, akwai makiyaya, akwai wuraren da al'ummar yankin ke girmamawa bisa al'adarsu. Ladabi shi ne a gaida mai unguwa ko dagaci, a nemi izini, a kuma nemi ɗan gari ya yi jagora. Wannan yana da amfani ta fuskar tsaro ma, ganin yadda matsalar garkuwa da mutane ta taɓa wasu unguwannin bayan garin Abuja a 'yan shekarun nan. A tafi cikin ayari, a sanar da iyali inda aka nufa da lokacin dawowa, a sauko tun rana ba ta yi sanyi ba.

Haka kuma akwai haƙƙin wurin. Kada a taka shuka, kada a sare itace don buɗe hanya, kada a rubuta suna da fenti a jikin dutse, kada a sassaƙa shi don samar da wurin kamawa. Robobin ruwa da ledojin da aka zo da su a koma da su. Iyayen da gidajensu ke gindin tsauni kuma su lura cewa hutun makaranta mafi tsawo yana faɗowa ne a Agusta, daidai lokacin da duwatsu suka fi santsi.

Lokacin da ya dace

Abuja tana da abin da masu hawan dutse na wasu ƙasashe ke biyan kuɗin jirgi su nema: watanni huɗu zuwa biyar na bushewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta busar da tsagogi, gansakuka ta mutu, an ƙone ko an yanke ciyawa, ƙasa ta fito fili. Sanyin safiya yana hana zufa, roba da fata suna kama dutse sosai. Daga Maris zuwa farkon Afrilu zafi yana tsananta har dutse ya riƙa ƙona hannu da rana, don haka sai da asuba ko da yamma.

Damina kuwa lokacin kallo ce da shiri. Wanda ya yi amfani da ita wajen ƙarfafa jiki, da sanin hanyoyi, da ƙulla zumunci da mutanen gari, zai tarar da duwatsun nan a inda ya bar su idan kaka ta wuce. Sun yi shekaru miliyoyi suna zaune a wurin, jiran wata uku ba zai kai su ko'ina ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.